Gindin maganaɗisu mai makunni: inda ake yawan kwafsawa

Wannan ɗan ƙarfen da ake ɗaura agogon awo (na'ura mai allura da ke auna ɗan motsi ko karkatar ƙarfe) a kai, a murɗa ya kama a murɗa ya saki, wasu har yanzu sun ɗauka akwai batir a ciki. Babu wallahi. Ƙarfe ne ɓari biyu, an raba su da tagulla ko alminiyom a tsakiya, sai maganaɗisu mai siffar gwangwani da ke juyawa cikin rami. In ka kashe, ƙarfin yana zagayawa ne cikin ɓarin nan biyu ba ya fita, in ka murɗa digiri 90 sai kowane ɓari ya ɗauki kai ɗaya na maganaɗisun, toh ba hanyar da za su haɗu sai ta ƙarfen da ka ɗora shi a kai. Shi ke nan fa.

Shi ya sa babban kuskure shi ne datti. Fenti mai kauri, tsatsa, ɓurɓushin ƙarfe, duk ɗan tazarar da suka bari tana cinye ƙarfin sosai, sai allurar agogo ta dinga rawa kana zagin kamfani alhali tsumma kawai kake buƙata. Kashe shi tukuna sannan ka goge, in yana kunne ɓurɓushin ba zai fita ba.

Sai masu manna shi a falle kamar bodin mota. Ƙarfin riƙo na kilo 60 ko 80 ɗin da aka rubuta a jikin kwalinsa, a kan ƙarfe mai kauri mai santsi aka gwada, kuma ja aka yi sama, in zamewa ce ta gefe ƙarfin bai kai haka ba ko kusa. Alminiyom da tagulla kam ba ya kama su, kar ma ka wahalar da kanka, yawancin sitenles ma haka. Nemi guntun ƙarfe mai kauri ka matse shi a wurin sai ka ɗora a kai.

Bututu kuwa, tsagar nan da ke ƙasan gindin don shi aka yi ta, a zaunar da ita bisa tsawonsa.

Zafi ma yana kashe shi. In irin maganaɗisun da ake kira neodiyom ne a ciki, na gama-gari daga zafin digiri 80 na Celsius yake fara rauni kuma ba ya dawowa, don haka ɗauke shi kafin mai walda ya kunna wuta. Makunni ya yi tauri? Yawanci garin ƙarfe ne ya shige, a hure a ɗiga mai kaɗan, ban da guduma dan Allah. Kuma kar ka zare maganaɗisun don ganin ƙwaf, wani irin da an fitar da shi daga gidansa ƙarfinsa ya ragu ke nan.