Rami Biyu, Faifai Uku: Yadda Nake Jona Kayan Aikina da Laftof

Laftof ɗin da nake tace bidiyon biki da ita ramin USB biyu kawai gare ta, ɗaya mai shuɗin ciki, ɗaya baƙi. A kan teburina kuwa akwai faifan ajiya uku, da na'urar karanta katin kyamara, da maus, da firinta. Duk wanda ka tambaya zai ce ka sayi hab, ɗan akwatin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu ko bakwai. Haka ne, amma hab iri-iri ne.

Wanda na fara saya ba shi da wayar wuta ta kansa. Da faifai ɗaya lafiya lau. Ranar da na jona na biyu sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas, fitilarsa tana ƙyaftawa, ya fito a allo ya ɓace, ya sake fitowa. Gabana ya faɗi, domin ɗaurin auren mutane da kamu da walima duk suna ciki. Ashe faifan ƙalau yake, wuta ce ba ta isarsa.

Ga dalili. A ƙa'ida ramin USB 3.0, wato mai shuɗin, wutar da yake bayarwa miliyamf 900 ce a kan bolt 5 (miliyamf 1000 ne amf ɗaya), baƙin na USB 2.0 kuma miliyamf 500. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 yana da inji mai juyawa a cikinsa, kuma lokacin tashi yakan sha kusan duk abin da shuɗin ramin ke bayarwa. Hab marar wuta ba ya ƙara komai, tuwon mutum ɗaya ne aka ajiye wa mutum huɗu.

Saboda haka ka nemi hab na USB 3.0 mai zuwa da adaftarsa, wadda ake jonawa a soket. Kada ka tsaya a kwali, juya adaftar ka karanta rubutun jikinta. Idan an rubuta bolt 12 da amf 3, wat 36 ke nan, ta ishi faifai uku har da saura. In da hali ka je shago da faifanka biyu a gwada a gabanka.

Hab ɗin a shuɗin rami za ka sa shi, faifai da na'urar karanta kati su hau kansa. Baƙin ramin gudunsa megabit 480 ne a daƙiƙa, shuɗin kuwa gigabit 5, wato ya ninka shi fiye da sau goma, don haka kada ka ɓata shuɗin a kan maus. Ni ɗan tsinken da ke karɓar siginar maus ɗina marar waya na fara sa shi a hab kusa da faifai, sai kibiyar maus a allo ta riƙa tsalle. Wayoyin USB 3.0 suna damun siginar 2.4 GHz da irin wannan maus ke amfani da ita. Da na mai da shi baƙin rami, magana ta ƙare. Firinta kuwa na bar ta a kan wayifai.

Sai wani abu da ya fi damuna, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. In aka ɗauke wuta, laftof za ta ci gaba da batirinta, amma adaftar hab ta mutu nan take. Idan kana tsakiyar kwafi, fayil ɗin na iya lalacewa, wani lokaci har faifan ya ƙi buɗewa sai an gyara. Ka jona adaftar a ƙaramin UPS, wato akwatin batiri mai riƙe wuta in an ɗauke, ko inbata. Idan ba ka da ko ɗaya, babban kwafi ka zare hab ka sa faifan kai tsaye a jikin laftof, batirinta ya riƙe shi.

Windows kuma takan sauya wa faifai harafi, yau E gobe F, sai manhajar tace bidiyo ta nemi fayiloli ta rasa. Shiga Disk Management, wato sashen Windows mai kula da faifai, ka ba kowanne harafi na dindindin daga can ƙarshen jerin haruffa. Nawa X da Y da Z ne, na rubuta a farar takarda na manna a bayan kowanne. Kafin ka zare faifai, ka danna Eject, wato umarnin sakinsa a Windows, ka ɗora yatsa a kan faifan har ka ji rawar ta tsaya.