Kafin ka ɗaukaka ƙara kan tuƙi cikin maye a Ingila

Mutanenmu a Ingila ba su cika shiga hannun 'yan sanda ba, ina kuma alfahari da hakan. Amma ba a rasa sabon zuwa da za a tare da daddare, a ce ya busa na'ura, ta nuna barasar numfashinsa ta haura maikirogiram 35, iyakar da doka ta sa. Ba wa'azi na zo yi ba, wannan aikin malamai ne. Abin da ke biyo baya shi ke ƙona min rai.

Kunya ce ke kai su ƙasa. Mutum ba ya son 'yan'uwa su ji, sai ya lallaɓa kotun majistare shi kaɗai, ba lauya, ya amsa laifi don a sallame shi da wuri. To ƙanena, wanda ya amsa laifi da bakinsa, galibi ba ya da damar komawa ya ce bai aikata ba. Horon da aka yi masa kawai zai iya ƙalubalanta, shi ma akwai iyaka, domin doka ta ce a hana shi tuƙi aƙalla wata 12, ko shekara 3 in ya maimaita cikin shekara 10. Kada ka je kana cewa da motar kake ciyar da iyali. Wannan uzurin ba ya ɗage haramcin. Abin da kotu ke saurara dalili ne na musamman, kamar a ce an zuba maka giya a lemo ba ka sani ba, shi ma sai da hujja.

Kwanakin aiki 15 kake da su daga ranar yanke hukunci ka shigar da takardar ɗaukaka ƙara zuwa kotun Crown, wato kotun da ke sama da ta majistare. Na san wani yaro mai kai saƙo da ya naɗe takardun kotu ya tura ƙarƙashin kujerar mota, yana jiran albashi ya shigo kafin ya nemi lauya. Da ya kawo min su, maiƙo duk ya ɓata su, wa'adi kuma ya wuce. Sai da ya rubuta roƙo yana bayanin dalilin jinkiri, kuma ba dole ne kotu ta karɓa ba.

A kotun Crown sabuwar shari'a ake yi daga tushe, alƙali na zaune da majistarori, a sake kiran shaidu. Ana iya wanke ka, ana iya kuma ƙara maka horo, a ɗora maka kuɗin shari'a. Garin neman gira ana rasa ido, don haka lauya ya fara duba maka ko akwai abin kamawa, misali ko 'yan sanda sun bi ƙa'ida wajen gwajin da aka yi maka a caji ofis.

Shigar da ƙara ba ya mayar maka da sitiyari. Haramcin na nan daram sai ka nemi kotu ta dakatar da shi ta kuma amince. Ka tuƙa kafin nan, sabon laifi ne mai iya kai ka kurkuku.

In lauya ya ce ƙarar ba ta da ƙarfi, ka karɓi kwas ɗin gyaran hali idan kotu ta ba ka, yana rage har kashi ɗaya cikin huɗu na haramcin. Laifin zai zauna shekara 11 a bayanan lasisinka, kuma duk fom ɗin biza ko na neman zama ɗan ƙasa da ya tambaye ka, ka rubuta shi. Ɓoyewar kaɗai ta isa a ƙi ba ka takardar.