Yadda za a ceci tsohon ginin kankare kafin katafila ta iso

Masu kallon katun sun san Hanna da Barbera, waɗanda suka ƙirƙiro Tom da Jerry. Ginin da kamfaninsu ya tare a ciki a 1963 a birnin Los Angeles na Amurka ya kusa shan rusau bayan ma'aikata sun tashi, sai masu kishinsa suka tsaya kai da fata, aka bar shi aka ba shi sabon aiki. Mu ma a Kaduna muna da sa'o'insa, gine-ginen zamanin Sardauna masu bulo mai huda da tagogin luba da daɓen tarazo, wato daɓen siminti da tsakuwa da ake gogewa ya yi santsi. Aikina gyaran gini ne, ga yadda nake bi da su.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane bango, ka auna, ka zana. Nemi dattawan da suka yi aiki a wurin su faɗa maka abin da kowane ɗaki yake a da. Duba takardun filin a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, don ginin da ake shari'a a kansa babu mai zuba masa kuɗi. Otal ɗin Durbar da aka gina saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na 1977, ya shekara da shekaru a yashe ana ta shari'a, a 2020 aka rushe shi.

Daga nan sai ka hau sama, don ruwa ne ke kashe irin wannan gini. Rufinsu shimfiɗaɗɗe ne, ganye da ƙurar hunturu kan toshe indararo, ruwan Agusta ya kwanta ya ratsa kankare har ya tarar da rodi. Rodin da ya yi tsatsa kumbura yake, sai ya fasa simintin da ke lulluɓe da shi. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi ƙasan rufin kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji sautin rami, fasa wurin, kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, shafa maganin tsatsa, sannan a cike. Idan rodin ya sirance, kira injiniya, wannan ya wuce birkila. Shafe tsaga da filasta a bi da fenti, ni dai ban ɗauke shi gyara ba.

Silin ko kwanon asbesto kuma kada a yanka shi a bushe, ƙurarsa na lalata huhu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu toshe bulon huda su manna tayil a kan tarazo. Hudar nan ita ke shigo da iska tun kafin a san na'urar sanyaya ɗaki, tarazo kuwa goge shi kawai za a yi ya dawo sabo.

Rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suna da ofis a titin Ali Akilu, ka nemi su taimaka a kare ginin, ka haɗa da hotunan. Amma kada ka zauna jiran amsa. Samo wa ginin ɗan haya, ko makarantar koyon kwamfuta ce ko masu shirya fim, a rubuta a yarjejeniya cewa ba zai sauya fuskar ginin ba, kuma shi zai riƙa share indararo kafin damina.