Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Dashen Haƙori, da Yadda Ake Gyara Su

Wanda aka cire wa haƙori yakan ɗauka asararsa ta tsaya a giɓin da yake gani a madubi, alhali babbar asarar a ƙarƙashin dasashi take aukuwa. Ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori da aikin tauna yake rayuwa. Da zarar saiwar ta fita, sai jiki ya fara janye shi. Cikin shekarar farko wurin yana iya rasa kusan rabin faɗinsa, kuma mafi yawan zaizayar a watanni ukun farko take faruwa. Shi kuwa dashe, wato sabon haƙorin da ake ɗorawa a kan kusar ƙarfe, a cikin wannan ƙashin ake kafa shi, shi ya sa kusan duk kuskuren da ake yi a wannan harka, in ka bi diddiginsa, a kan ƙashi yake ƙarewa.

Jinkiri ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ba a ga laifin kowa ba, domin aikin yana da tsada. Mutum zai ce bari sai ya tara kuɗi, ya shekara biyar da giɓi, haƙoran gefe sun karkato, na sama ya zazzago, ƙashi ya zama siriri. Ranar da ya zo da kuɗinsa sai a ce masa sai an fara gina ƙashi tukuna, kuɗi ya ƙaru, lokaci ya ƙaru. Gyaran yana farawa tun ranar cirewa. Ka gaya wa likita kana da niyyar dashe ko da nan gaba ne, domin ya cire a hankali, in da hali ya cika ramin da garin ƙashi na musamman da ake gina ƙashi da shi, ya rufe. Wannan ba ya hana zaizayar gaba ɗaya, amma yana rage ta sosai. Masu kai bakinsu wurin mai cire haƙori na bakin kasuwa kuwa, su sani bangon ƙashin da ke ta wajen leɓe siriri ne ƙwarai, musamman a haƙoran gaba, fizga ɗaya ta ƙarfi tana iya tafiya da shi.

Akasin jinkiri shi ne gaggawa, ita ma tana cin mutane. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana binciken gudanar jini a ƙashin zomo, ya tarar ƙarfen titaniyam ɗin da ya sa a ƙashin ya ƙi fita, ƙashi ya manne masa. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag. Har yau a kan wannan mannewar aikin yake tsaye: ana huda ƙashi, a ɗaura kusar titaniyam mai zare, a jira ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora mata kan haƙori. Jiran yakan kai wata uku zuwa shida, muƙamuƙin sama ya fi ɗaukar lokaci saboda ƙashinsa ya fi laushi. Turken da aka kafa yau ba a ɗaure masa sa yau. Gaskiya ne yanzu akwai dashen da ake ɗora wa haƙori a rana ɗaya, har da tsarin All-on-4 da likita Paulo Maló na Fotugal ya shahara da shi, inda kusoshi huɗu ke ɗaukar jerin haƙoran muƙamuƙi guda. Amma haƙorin ranar farko na wucin gadi ne, an sa shi don kada ka yi yawo da giɓi. Wanda ya koma gida ya kama goro, rake ko ƙashin kaza da shi, kusar za ta riƙa motsi, kuma kusar da ke motsi tsoka ce ke kewaye ta maimakon ƙashi. Kunu, fate da tuwo mai laushi su ne abincin waɗannan makonnin.

Sai maganar hoto. Hoton haƙori na yau da kullum yana nuna tsayin ƙashi, ba ya nuna kaurinsa. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji zuwa leɓe da haɓa, in kusa ta taɓa ta mutum na iya zama da mataccen leɓe na watanni, wani ma har abada. Likitoci kan bar tazarar milimita 2 tsakaninsu. A sama kuma, bisa turamen baya, akwai kogon iska na gefen hanci. Wani hoto na musamman da ake kira CBCT ne ke nuna waɗannan ta kowace fuska, har a tsara inda kusa za ta shiga a kwamfuta kafin a taɓa baki. In za a yi maka dashe a turamen baya ba a yi maganar wannan hoton ba, ka tambayi dalili. A ganina wannan tambaya ɗaya ta fi duk cinikin farashi amfani.

Wani kuskuren na masu yanke ƙauna ne. An taɓa gaya wa mutum ba shi da ƙashi, shi ke nan ya haƙura da haƙoran roba na cirewa. Yanzu ana gina ƙashi. Ana iya ɗebo shi daga wani sashe na muƙamuƙinka, ko a yi amfani da na saniya da aka sarrafa har ya rage ma'adini zalla, ko na haɗi da aka yi a masana'anta, sai a lulluɓe da wata 'yar fata siririya don kada dasashi ya kutsa ya cike wurin kafin ƙashi ya tsiro. A sama, ana ɗaga 'yar fatar da ke shimfiɗe a ƙasan kogon iskar nan a cusa garin ƙashi ƙarƙashinta, aikin da aka fara wallafa bayaninsa tun 1980. Ga abin da mutanenmu ba su cika tambaya ba: da yawa daga waɗannan fatun, ciki har da Bio-Gide da ya yi suna, daga alade ake samo su. Wanda abin ya dame shi ya faɗa tun kafin ranar tiyata, akwai na saniya da na haɗi.

Ɓoye wa likita tarihin lafiya kuma ganganci ne. Mai ciwon suga da bai daidaita ba rauninsa ba ya saurin warkewa, sai a fara saita sugan. Sigari da shisha suna rage jinin da ke isa dasashi, dashen mai shan taba ya fi na wanda ba ya sha lalacewa. Mai shan maganin ƙarfafa ƙashi ko karɓar allurarsa, da wanda aka taɓa gasa wa kai ko wuya saboda ciwon daji, dole su faɗa, domin ƙashin muƙamuƙinsu na iya mutuwa bayan tiyata. Yaro kuma ba a yi masa sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko fiye, in ba haka ba sauran haƙora su ci gaba da tafiya su bar dashen a baya.

Bayan an gama, sai a ji mutum yana cewa ai ƙarfe ba ya ruɓewa. Haka ne, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa da cuta, kuma da yake kusa ba ta da jijiya, ciwo ba ya yi maka gargaɗi da wuri. Jini lokacin goge baki, wari, mugunya ko kumburi su ne alamun. Kada ka tsaya sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, dattin da ya daskare a jikin kusa sai an kankare shi a asibiti. Buroshi sau biyu a rana, zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora, da ganin likita duk wata shida. Aswaki yana da kyau, amma ba ya shiga ƙarƙashin kan haƙorin. Da irin wannan kulawa, sama da kashi 90 cikin 100 na dashe suna wuce shekara 10.

Masu zuwa Masar, Turkiyya ko Indiya a yi musu, kada su baro asibitin sai da takardar da ke nuna kamfanin kusar, samfurinta, tsayi da kaurinta, da hotunansu. Kamfanoni suna da yawa, sau da yawa kayan wani ba sa shiga na wani. Ranar da ɗan notin da ke haɗa kan haƙorin da kusar ya kwance a Kano ko Maraɗi, likitan da ka je wurinsa ba zai san mabuɗin da zai nema ba in babu wannan takarda.

Akwai kuma masu jiran maganin nan na Japan da ake yaɗawa a Facebook cewa yana tsirar da sabon haƙori. Maganar tana da tushe: an fara gwada shi a kan mutane a asibitin Jami'ar Kyoto a 2024, kuma masu shi suna fatan fitar da shi wajen 2030. Sai dai matakin farko na auna ko ba ya cutarwa ne, kuma waɗanda aka fara sa wa gaba yara ne da aka haifa wasu haƙoransu ba su da tushen fitowa. Magidancin da aka cire wa turmi bara ba ya cikin wannan sahun, ƙashinsa kuma yana ci gaba da raguwa yayin da yake jira.