Yadda Ake Gwada Labarin Bincike Mai Barkwanci a Kan Masu Karatu Kafin a Sake Shi

Labarin bincike yana da wata lalura da labarin soyayya ba shi da ita. Da zarar mai karatu ya san wanda ya kwashe kuɗin adashen, ba zai ƙara iya gaya maka ko dabarar da ka yi ta ɓoye ɓarawon ta ci ba. Duk wanda ka miƙa wa rubutunka kafin ka sake shi kamar tsinken ashana ne, ƙyastawa ɗaya yake yi. Shi ya sa ba a rarraba irin wannan rubutu barkatai, kuma ba a jira sai mutum ya gama karantawa sannan a tambaye shi ko ya yi daɗi.

Irin labarin da ake nufi a nan shi ne wanda mai binciken ba ɗan sanda ba ne. Dillaliya ce da ke shiga gida-gida da ƙunshin atamfofi, ko mai kitso da ake zuba mata hira tana tsaga kai, ko mai shayin bakin tasha, ko tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Ba a nuna jini, ba a tayar wa mutum da hankali, ana tafiya ana dariya. A Ingila, Agatha Christie ta yi suna da irin wannan mai bincike, wato Miss Marple, tsohuwa mazauniyar ƙauye da ta fara fitowa a cikakken littafi a 1930. Makaminta sanin halin mutane ne kawai, kuma shi ne makamin da dillaliyarka za ta riƙe.

Waɗanda za a ba su karanta

Nemi mutum goma, ka raba su biyu: shida na zagayen farko, huɗu ka ajiye su sai bayan gyara. A cikin shidan nan a samu biyu da suka saba da labaran bincike ko finafinansa, don su ne masu farautar shaida. A samu biyu da ba sa karanta komai sai littattafan soyayya, domin su ne mafi yawan waɗanda za su sayi littafin. A samu dattijo ko dattijuwa guda, saboda su ne za su ji inda wasa ya wuce gona da iri. Na shidan ya zama wanda za a karanta masa a bayyane, ko a tura masa da murya, tun da littattafan Hausa da yawa yanzu ta kunne ake shan su, a rediyo da YouTube, kuma shaidar da ido zai iya komawa baya ya duba, kunne ba ya iyawa.

Kada ka sa mahaifiyarka, ko abokin zamanka, ko duk wanda ka taɓa ba shi labarin a baki ko da a taƙaice. Kada kuma ka tara su a zaure ɗaya na WhatsApp. Mutum ɗaya mai kaifin baki ya ce "wallahi ƙanin mijin ne", sai sauran biyar su bi shi, ka tashi da ra'ayi ɗaya maimakon shida. Kowa a tura masa shi kaɗai, a kuma rubuta sunansa a saman kowane shafi, don rubutun da ke ɗauke da sunan mutum ba ya saurin yawo.

Tsayar da mai karatu a hanya

A nan aikin yake. A ce littafin babi 24 ne, ana fallasa ɓarawon a babi na 22. Kada ka tura shi gaba ɗaya. Yanka shi gida biyar: babi 1 zuwa 3, sai 4 zuwa 8, sai 9 zuwa 16, sai 17 zuwa 21, sannan ƙarshen. Ba a tura kashi na gaba sai an amsa tambayoyin na baya, kuma tambayoyin ba sa canzawa:

Wa kake zargi yanzu? Me ka gani da ya sa ka zarge shi? Zato ne ko ka tabbata? A ina ka yi dariya? A ina ka ajiye karatun ka tashi yin wani abu?

Ka roƙi amsar ta zo da saƙon murya. A rubuce mutum yana gyara magana don kada ya ɓata maka rai, a murya kuwa za ka ji inda ya yi jim, da inda dariyar ta gaske ce. Kai kuma bakinka alaikum. Ko "to" mai nauyi ka ce, mai wayo zai gane ya taɓa wurin. Amsarka ɗaya ce ga kowa: na gode, ga na gaba.

Tsayawar babi na 21 ita ce mafi muhimmanci, kuma tsohuwar dabara ce. Littattafan Ellery Queen na Amurka, waɗanda suka fara fitowa a 1929, sukan dakata dab da ƙarshe su sanar da mai karatu cewa duk shaidun suna hannunsa, ya faɗi mai laifi. Kai ma abin da za ka yi ke nan, sai dai amsar gare ka za ta dawo.

Samu takarda ka ja layuka: sunayen masu karatu a tsaye, wuraren tsayawa a kwance, a kowane gida ka rubuta wanda aka zarga. Abin da kake so ka gani shi ne zargi yana yawo. A babi na 3 ana kallon almajirin da ake aike, a na 8 an koma kan kishiya, a na 16 kai ya rabu. A na 21 mutum ɗaya ko biyu sun kama gaskiya, sauran kuma da suka karanta ƙarshen suka ce "kash, ai kuwa na gani, ban dai kula ba". Wannan "ai kuwa" ita ake nema.

Idan huɗu ko biyar sun kama ɓarawon tun babi na 8, duba dalilan da suka bayar. Yawanci ɗayan uku ne. Ko waɗanda ake zargi sun yi kaɗan, domin ƙasa da huɗu ba sa ɗaukar littafi. Ko ɓarawon ya cika kirki, shi kaɗai ne marubuci bai bari ko ƙura ta taɓa shi ba, sai tsabtar ta tona shi. Ko kuma an ajiye shaidar a jimlar ƙarshe ta babi, inda ido ya fi tsayawa. Maganin na ukun yana hannunka, tun da labarin na barkwanci ne: tura shaidar cikin tsakiyar abin dariya. Ana cikin rigimar akuyar maƙwabta da ta afka wa tsakin da aka shanya, kowa na guje-guje, sai a ambata a gurguje cewa ƙanin miji ya fito daga ɗaki da hular da ba da ita ya shiga ba. Mai karatu yana dariya zai wuce, amma ya gani.

Idan kuma ba wanda ya kama, sannan a ƙarshe ana cewa "wannan kuma daga ina ya fito?", to ba gwaninta ka yi ba, ka ci amanar mai karatu ne. Ronald Knox, wani marubucin labaran bincike na Ingila, ya tsara ƙa'idoji goma na irin wannan labari a 1929, kuma uku daga ciki suna nan daram: a ambaci mai laifi tun farkon labari, kada a warware matsala da abin da ya fi ƙarfin hankali, kuma duk shaidar da mai bincike ya samu a nuna wa mai karatu ita. Ta biyun ta shafe mu ƙwarai. Mutanen gida suna iya cewa aljanu ne suka ɗauke kuɗin, wannan ma abin dariya ne mai kyau kuma yana karkatar da zargi. Amma ranar fallasa dole hannun ɗan Adam ne, da dalili irin na ɗan Adam: bashi, kunya, kishi, kuɗin lefe da ya gagara.

Tambayar da Bahaushe zai yi

Tun babi na 3 wani zai ce: me ya hana a kai magana wurin mai unguwa, ko 'yan sanda, ko a sa kowa ya rantse? Idan mutum biyu suka yi wannan tambaya, ginin labarin yana da tsaga. Amsar tana cikin al'ada, sai dai a faɗe ta a fili da wuri: rufin asiri. Uwar adashe ba ta so a ji kuɗi sun ɓace a hannunta, don gobe ba mai ƙara zubi. Maigida yana tsoron ɓarawon ɗan gida ne. Da wannan dalili ne dillaliya take samun hurumin sa baki, kuma shi ke sa a yi komai a cikin raɗa.

Wajen dariya kuwa, ka gwada inda kai ka sa ran za a yi ta da inda aka yi ta. Wurin da mutum shida suka wuce shiru, cire shi ko da kana ƙaunarsa. Ka saurari dattijon nan da kyau idan akwai mutuwa a labarin. Mai karatun Hausa ba ya son a yi raha gawa na kwance ko ana zaman makoki, shi ya sa sata ta fi dacewa da wannan salo: sarƙar gwal ta amarya, ragon layya ana gobe Sallah, akwatin lefe da aka buɗe aka tarar da tsummokara. Wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Fulani da Barebari, duk suna ɗaukar zolaya mai zafi ba a ji haushi ba, matuƙar mai karatu ya san dangantakar tun kafin a fara. Sannan karin magana ko sarar da ake yayi a Kano ba lalle ba ne ta sauka a Sakkwato ko Maraɗi, don haka yana da kyau ɗaya cikin goman ya fito daga wani yanki.

Fassara abin da aka faɗa

"Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira" addu'a ce, a amsa da amin, amma ba ra'ayi ba ne. "Wallahi ban samu lokaci ba" ita ce magana mafi amfani da za ka ji. Kada ka yi fushi, ka tambayi shafin da ya tsaya. Idan mutum uku sun rasa lokaci a tsakanin babi na 10 da na 13, nan ne labarin ya kwanta, kuma galibi za ka tarar mai binciken tana ta zaga gidaje tana jin magana ba tare da wani sabon abu ya faru ba. A nan ake sa sata ta biyu, ko a wanke wanda kowa ya fi zargi.

Mai karatu ya fi kowa sanin inda ke masa ciwo, amma maganin da zai rubuta ba kasafai yake daidai ba. Zai ce a ƙara soyayya, alhali abin da ya dame shi shi ne bai damu da wadda aka yi wa satar ba. Ƙorafin mutum ɗaya a rubuta a ajiye. Na mutum uku a wuri ɗaya a gyara.

Bayan gyara sai a ba huɗun da aka ajiye littafin gaba ɗaya, a tsayar da su sau ɗaya kawai, a babi na 21. Kada a koma wa shidan farko da tambayar zargi, sai dai su duba ko wani gyara ya karya wata shaida, misali an sauya ranar kwasar adashe a babi na 2 an manta da ita a na 19.

Masu sakin labari shafi-shafi a Wattpad ko Facebook ko zaurukan WhatsApp su kammala rubutun kafin su saki shafin farko. Wani zai kama ɓarawon tun da wuri ya rubuta a fili, kuma zuciya za ta raya maka ka sauya mai laifi don ka ba shi kunya. Kada ka yi, domin duk shaidun da ka shuka a baya suna nuna mutumin farko ne, kuma masu karatu za su koma su tono su.

A takardar nan taka ka ƙara layi ɗaya: wa ake tambaya bayan an gama? Marubuci Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes, mai binciken da ya ƙirƙira a labaransa, a 1893, masu karatu suka ƙi haƙura, a 1903 ya dawo da shi da rai. Idan mutanenka suna cewa "yaushe dillaliyar nan za ta dawo?", ko suna maimaita maganganun jikanta mai tsiwa, to kada ka mayar da ita ƙauye a babin ƙarshe, kada ka aurar da jikan zuwa wani gari, kuma ka bar ƙawarta mai kitso a unguwar, don littafi na biyu zai buƙaci inda za a ji gulma.