Hunturu Mutum Ne, To Wane Irin Mutum? Kurakuran Nazarin Mutuntarwa

"Mawaƙin ya yi amfani da mutuntarwa domin ya ƙawata waƙarsa." A nan ɗalibai da yawa suke ajiye biro idan aka ba su waƙar Turawa mai magana kan ficewar hunturu da shigowar bazara. Ba ƙarya suka yi ba, amma ba su ce komai ba, tunda wannan jimla za ta zauna daram a kan kowace waƙa. Wannan shi ne kuskure mafi yawa, kuma gyaransa tambaya ce guda: an mayar da hunturu mutum, to wane irin mutum?

Ɗauki waƙar hunturu ta William Blake, mawaƙin Ingila, wadda aka buga a 1783. Hunturunsa sarki ne azzalumi. Yana tafe a keken yaƙi na ƙarfe, ya ɗaga sandar mulki a kan duniya, ya tuɓe wa ƙasa tufafinta. Mawaƙin ya roƙe shi, ko sauraro bai yi ba. A ƙarshe sai da aka kore shi yana kururuwa ya koma kogonsa ƙarƙashin dutsen Hekla na Aisland. Yanzu dubi Charles na Orleans, basaraken Faransa da ya yi shekara 25 a tsare a Ingila bayan an kama shi a yaƙin da Ingila ta yi da Faransa a 1415. A fitacciyar gajeriyar waƙarsa babu kora, babu faɗa. Lokaci ne ya cire mayafinsa na iska da sanyi da ruwa, ya sa riga mai aikin hasken rana, koguna da ƙoramu su ma suka yi ado da azurfa, kamar dai gari ya tashi ranar hawan salla. Duka biyun mutuntarwa ce. Amma Blake yana cewa sai an kayar da zalunci kafin a huta, Charles kuwa yana cewa duniya ɗaya ce, kaya kawai take sakewa. Wanda ya ba su amsa iri ɗaya bai karanta ko ɗaya ba.

Saboda haka ka tara aikatau. Me hunturu ya yi da hannunsa, me aka yi masa? Korarsa aka yi, mutuwa ya yi, ko barci ne ƙasa ta farka daga gare shi? Jigon waƙar yakan ɓuya a daidai wannan gaɓa ta miƙa mulki, kuma nan ce ɗalibai suka fi tsallakewa.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin ba laifin ɗalibi ba ne kaɗai. Yaron da ya tashi a Katsina ko Maraɗi idan ya ji hunturu, hazo da kaushi da jin ɗumi yake gani, lokacin da rumbu ke cike da hatsi. Idan ya ji bazara kuma, zafin Afrilu ne mai kai maki 40, da rijiyoyi masu ƙafewa. Da wannan idon, ina dalilin da mawaƙi zai yi wa bazara marhabin kamar ango? A Ingila abin ba haka yake ba. A ƙarshen Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, itatuwa sun zubar da ganye, ga manomin zamanin da kuwa lokaci ne na cin ajiya da fargabar ƙarewarta. Daga Maris zuwa Mayu tsiro ke fitowa, yini ya ƙara tsawo. Idan kana son ka ji abin da mawaƙin ke ji, ka tuna ruwan shuka na farko bayan ƙunar rani. Da wannan jin za ka gane me ya sa Blake, a waƙarsa ta bazara, ya mayar da ita masoyi namiji, ƙasa kuma budurwa da bege ya kwantar, ta yi kitso tana jiransa.

Akwai kuma tarkon jinsi. A Hausa kowane suna namiji ne ko mace, don haka "iska ta taso" ko "sanyi ya sauka" nahawu ne zalla, babu adon harshe a ciki. Haka Faransanci. A Ingilishi kuwa, idan mawaƙi ya kira yanayi da wakilin sunan namiji ko na mace, da gangan ya yi, kuma wajibi ne ka ambata. Mai nazari da Hausa ya nemi hujjar da ta wuce "ya" da "ta": hali, nufi, magana ko dangantaka irin ta ɗan'adam. "Damina ta faɗi" zance ne na yau da kullum. "Damina uwar albarka" kuwa an ba ta matsayin uwa.

Kada kuma a cakuɗa. Hunturun da ke kartar ƙasa da farce yana gurnani dabbantarwa ce. Inda aka ce "kamar tsoho" ko "tamkar amarya", kamantawa ce ta shigo.

Sai masu yanke hukunci tun kafin su karanta: hunturu mugu, bazara alheri. Galibi haka ne, shi ya sa mawaƙin da ya juya lamarin yake kama su. T. S. Eliot ya buɗe doguwar waƙarsa ta 1922 da jingina wa Afrilu rashin tausayi, ya ce hunturu ne ya ɗumama mutane da ya lulluɓe ƙasa da ƙanƙara mai sa mantuwa. Shekara 4 ke nan da ƙarewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Turai cike da sababbin kaburbura. Bazarar da ke tono saiwa tana tono tunani, mai makoki kuwa ba ya son a tashe shi. Ɗalibin da ya rubuta "bazara alamar fata nagari ce" a kan wannan waƙa ya faɗi kishiyar abin da ke gabansa.