"Lie low" da "hole up": inda masu koyon Turanci ke tuntuɓe

Idan Bature ya ce wani zai "lie low", ba kwanciya a ƙasa yake nufi ba. Yana nufin mutumin zai lafe, ya daina shiga idon jama'a har ƙura ta lafa. Ka dubi wanda ake bi bashi: ya kashe waya, ya ƙaurace wa majalisar bayan la'asar, sai dare ya raba ya leƙo. Yana nan cikin gari, likimo kawai ya yi.

Kuskuren da ya fi damuna yana wajen abin da ya riga ya wuce. Sau da yawa nakan ga ɗalibi mai ƙwazo ya rubuta "he lied low", ya yi asarar maki a banza. "Lied" ta ƙarya ce, ka mayar da bawan Allah maƙaryaci ke nan. Daidai shi ne "he lay low for a month". Wasu kuma su rubuta "he laid low", alhali wannan ta kayar da mutum ce: "malaria laid him low", wato zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Gaskiya Amurkawa da yawa na cewa "lay low" a hira, amma a takardar WAEC ka riƙe "lie low".

Kada kuma a fassara ta da kwanton ɓauna. Wannan "lie in wait" ce, ta mai shirin kai hari.

Ita "hole up" daga rami ta samo asali, kamar yadda gafiya ke shigewa nata, don haka tana son a faɗi wurin ɓuyan. Da ita jaridun Ingila suka riƙa kwatanta Julian Assange, mai shafin fallasa bayanan sirri na WikiLeaks, wanda ya shige ofishin jakadancin Ekwado a Landan a Yunin 2012, bai fito ba sai Afrilun 2019: "he was holed up in the embassy".

A kunne "holed up" da "hold up" ɗaya suke, shi ya sa hannu ke zamewa. Mu a Nijeriya kuwa "hold-up" cunkoson motoci muka sani. Kafin ka rubuta, tuna da ramin, sai ka sa harafin e ɗin da ke cikin "hole".